"To" Ɗin da Na Ce Yarda Ce

Uwata,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina roƙon Ya tsare ki a inda idona ke kaiwa da inda ba ya kaiwa, Ya kiyaye ki a kan titi da cikin ɗaki, Ya haɗa ki da mutanen kirki duk inda ƙafarki ta taka.

Za ki yi mamakin wasiƙa daga mutumin da kike gani kullum a falo. Gida ɗaya muke kwana, ga shi ina rubuto miki kamar ina wata ƙasa. Dalilin shi ne ni da ke ba mu iya hira ba. In na kira ki, kanki na ƙasa, kina murza bakin hijabi. Ni kuma ke ce 'yar fari, sunan mahaifiyata kika ci, ko sunan naki ban taɓa iya kamawa ba. Sai mu gaisa, mu sake gaisawa, kowa ya tashi. Takarda ba ta jin kunyar kowa, shi ya sa na ɗauko ta.

Ranar Lahadi aka sa za a kai ki makarantar kwana a Kaduna. Akwatinki na bakin ƙofa, na ga kin rubuta sunanki da jan farce a jikin bokiti. Ni na zaɓi makarantar. Ni na kira ki na ce, "Uwata, kina son zuwa?" Kika ce, "To, Baba." Na miƙe na je na gaya wa Mamanki kin yarda. Gaskiyar magana ita ce ban san ko kin yarda ba. Har wannan lokacin da nake rubutu ban sani ba. Na taɓa yin irin wannan kuskuren a wurin aiki, ya cutar da mutanen da ba su yi mini komai ba, kuma ina so ki ji labarin daga wurina kafin in maimaita shi a kanki.

Kin san ana ce mini masanin tattalin arziki. Kina aji uku malaminku ya tambayi aikin iyayenku, kika ce, "Babana rubuta takardu yake yi, sai ya yi tafiya." Aka yi miki dariya, kika dawo gida kina kuka, alhali gaskiya kika faɗa. Aikina in bincika yadda ƙasarmu ke saye da sayarwa da wasu ƙasashe, da yadda hakan ke taɓa daji da gona da ruwan sama, abin nan da kike ji a rediyo ana cewa sauyin yanayi. In na gama in rubuta. Masu mulki su karanta, wani lokaci su jefa a durowa, wani lokaci su kafa doka a kai. Takardar da ta fi kowacce fito da sunana, wadda ta sa aka fara gayyata ta ƙasashen waje, ita ce wadda zan ba ki labarinta.

Kina goye a bayan Mamanki a lokacin. Akwai wani ƙauye can bayan Ushafa, in an kama hanyar Bwari aka ratse, inda matan Gbagyi ke ginin tukwane. Su haƙo yumɓu, su gina randa da tulu da kasko, in sun bushe su jera su a fili su rufe da itace da ciyawa su cinna wuta. Itacen na da yawa, dajin kuma yana ƙarewa. Tunaninmu shi ne in aka ba su tanderun gas, bishiyoyi za su huta, tukwanen za su fito iri ɗaya, har a iya fitar da su waje a sayar. Na yarda da tunanin a lokacin. Maganar bishiyoyin har gobe ina kanta.

Tare muka je da wata Baturiya malamar jami'a, matan suka sa mata suna Madam Doguwa. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Mutuniyar kirki ce, ba ta rubuta abin da ba a gaya mata ba. Ni ne bakinta, ni ne kunnenta.

Aka yi mana shimfiɗa a gindin ɗorawa. Shugabar matan, wata dattijuwa Mama Talatu, ta wanke hannunta daga yumɓu ta ɗebo mana ruwan randa mai sanyi. Na yi doguwar magana a kan daji da hayaƙi da kasuwar ƙasashen waje. Daga ƙarshe na ce, "In aka kawo muku tanderun gas, za ku bar itace?"

Suka dubi juna. Mama Talatu ta dubi Madam, ta dubi takalmana, ta ce, "To."

Ta kusa da ita ta ce, "To." Haka aka zagaya.

Madam ta matso ta ce da ni, "Wannan kalmar da duk suke faɗi, me take nufi?"

Na ce, "Yarda ce. Sun ce e."

Uwata, ni Bahaushe ne ɗan Bahaushiya. Na san "to" kala-kala ce. Akwai gajeriya mai fitowa da fara'a, ita ce yarda. Akwai mai ja, wadda ke nufin na ji ka, ci gaba. Akwai ta ka gama mu tashi. Akwai wadda kakarki, mai sunanki, take yi in kakanki ya yanke abin da ba ta so, ta ce "to", ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidan da aka riga aka share. Da ita aka raine ni. Wadda matan nan suka yi ta baƙo ce, wadda ake ba mutum don kada ya tashi da kunya. Kunnena ya gane ta tun kafin ta gama fita daga bakinsu.

Me ya sa na ce yarda ce? Na daɗe ina ba kaina amsa mai daɗi: rana ta yi, mota na jira, akwai sauran ƙauyuka. Amsar gaskiya ta fi haka muni. Kunya na ji in gaya wa Baturiya cewa na tambayi mutanen ƙasata da harshena ban samu amsa ba. Ina so ta koma gida ta ce ta yi aiki da mutumin da ya san mutanensa. Da na ce mata, "Wannan kalmar ba e ba ce, ba a'a ba ce, sai mun dawo wani makon mun zauna," da ta ce mu dawo. Na san da ta ce haka. Ban ba ta dama ba.

Abin da nake so ki ɗauka a nan ƙarami ne. In aka tambaye ki abu, amsar ta zama mai tsawo ko mai ruɗani, ki ba da ita da tsawonta. Kada ki yanke mata ƙafa don ta shiga takalmi. "Ban sani ba" ba ta taɓa kashe kowa ba. Kuma in wata rana ke ce a sama, wata 'yar ƙaramin aji ta ce miki "to", ki dubi fuskarta kafin ki juya baya.

Takardar ta fito. A cikinta akwai jimla ɗaya da ta ce matan a shirye suke su bar itace in sun samu madadinsa. Wannan jimlar ta yi tafiyar da ni kaina ban yi ba. Masana a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suka riƙa ɗaukar ta suna sawa a nasu rubutun, suna cewa in ji Dakta wane. A aikinmu da haka ake auna mutum: sau nawa aka ambace shi. Akwai wurin da ake dubawa a kwamfuta. Sai ya zama kullum da safe, kafin in karya, nan nake fara zuwa.

Mamanki takan shigo da koko ta ajiye ta ce, "Dakta, yau su wa suka kira sunanka? A ce su zo su taya ka shan kokon nan kafin ya huce."

In ce, "Ke ba za ki gane ba."

Ta ce, "Wallahi na gane. Ni ma tun asuba ake ambatona a gidan nan, Mama ruwa, Mama safa, ba wanda ya ba ni tikitin jirgi."

Ina dariya idona na kan kwamfuta. A shekarun nan ne kika fara zuwa bakin ƙofar ɗakin karatuna kina tsayawa. Ba kya shigowa, ba kya magana, kina riƙe da littafi ko wani zane. In ce, "Ina zuwa, Uwata." Ki ce, "To." In na ɗago kin tafi. Ban san sau nawa aka yi haka ba, wannan ban taɓa ƙirga shi ba. Daga baya kika daina zuwa, na ce a raina yarinya ta girma ta yi hankali.

A makaranta za a riƙa manna sakamako a allo, kowa ya ga na kowa. Ki duba sau ɗaya, ki gode wa Allah ko ki ƙara himma, ki wuce. Wanda ya saba komawa gaban allo yana kallon sunansa, wata rana zai yi abin da bai dace ba don sunan ya zauna a wurin. Ni shaida ne.

Allah Ya ba ni damar gyarawa, na ƙi. Wannan ya fi na farkon ci mini rai.

An kafa wani kwamiti da zai tsara dokar saran itace a kewayen Abuja, aka sa ni a ciki saboda takardar nan. Muna taro a wani otal a cikin gari, ɗaki cike da manya, na gama bayani ana tafi. Sai wata matashiyar ma'aikaciya daga can baya, 'yar Filato ce, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Oga, a yi haƙuri. Ni kakata ma tana ginin tukunya. Ina so in sani ne kawai, da aka tambaye su, me suka ce daidai? Da bakinsu?"

Tambayar da nake gudu ke nan tun daga gindin ɗorawa. Kin san abin da na yi? Na gyara tabarau na kwararo mata Turanci. Na yi maganar hanyoyin bincike, na kira sunayen jami'o'i, na ce irin wannan aikin ba a gina shi a kan labarin kakanni. Ɗakin ya fashe da dariya. Shugaban taro ya ce mata, "Madam, kin ji ko? Dakta ya ba ki lacca kyauta."

Ta ce, "To, oga." Ta zauna.

Na ji wannan "to" sarai, kuma na san wace iri ce. Aka tashi cin abinci na gan ta ita kaɗai a gefe da faranti. Tsakanina da ita bai fi tsawon tabarma biyu ba. Na juya na bi manya. Ban san sunanta ba har yau.

Uwata, ke mai kunya ce, na san ɗaga hannu a aji kamar ɗaga dutse ne a wurinki. In kika daure kika yi tambaya aka yi dariya, kada ki ɗauka ke ce kika yi wauta. Sau da yawa mai amsa gajeriyar tambaya da dogon Turanci tsoro yake ji. Ki jira ya gama, ki ce, "Malam, ban ji amsar ba." In kuma Allah Ya ba ki ilimi, kada ki mai da shi murfin rufe bakin wani.

Aka yi dokar. Aka kai tanderu ƙauyen da mota, aka ɗauki hotuna, hoton ya shiga rahoto, rahoton ya ƙara mini ambato. Ban je ba. Na ce aiki ya yi yawa.

Sai a watan jiya aka nemi in rubuta yadda abin ya kasance bayan shekaru, don wani babban taro da za a yi a waje. Na ce bari in leƙa in ɗauko sabon hoto. Ni kaɗai na je.

Tanderun na nan. Kaji ne ke ƙwai a ciki. Filin da suke gashin tukwane ciyawa ta cinye shi. Mama Talatu ta tsufa ƙwarai, tana zaune a ƙofar ɗaki, amma tana ganina ta gane ni.

"A'a! Oga mai tambaya! Ina Madam Doguwa? Ya koma gida?"

Na durƙusa na gaishe ta. Ta aiki jikarta ta sayo mini ruwan leda. Na ce, "Mama, me ya sa ba kwa aiki da tanderun?"

Ta ce, "Wa ya ce muna so?"

Ta ba ni labari da Hausarta irin ta nan. Ranar da aka fara kunna shi ya yi wani gurnani, mata suka watse da gudu, wata har da faɗuwa. Gas ɗin sai an je gari, in ya ƙare tsakiyar gashi tukwanen sun lalace. Da suka koma wa itace, masu gadin daji suka tare su, suka ce an ba ku tanderu, kuma a rubuce yake ku kuka ce kun yarda. Tsofaffi suka riƙa satar hanya suna tsinto ƙirare. 'Yan matan suka gaji, wasu suka tafi talla a bakin titi, wasu aikatau a gidajen cikin gari. Yanzu masu ginin ba su da yawa.

Na ce, "Amma Mama, ku kuka ce to."

Ta yi dariya har da tari. "Kai ba Hausa ba ne? Baƙo ya zo gidana, ya kawo Bature, ya sha ruwana. In ce masa a'a a gaban Bature? Haba, oga. Mun ce to, mu gani ko za ka dawo ka tambaya da kyau. Ba ka dawo ba. Mota ne ya dawo."

Na ce, "Da na dawo, me za ku ce?"

"Ni na sani? Wataƙila mu ce a ba mu bayan dutsen can mu dasa itace namu, muna sara muna dasawa. Wataƙila mu yi faɗa da juna tukuna. Mata ne fa, kowa da bakinsa." Ta girgiza kai. "Yanzu tambayan ya tsufa, kamar ni."

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Da zan tafi ma cewa ta yi in gaida matata da yara.

Na rubuta wa Madam Doguwa na gaya mata komai. Amsarta gajeriya ce. Ta ce ita abin da na gaya mata ta rubuta, kuma sunanta na kan takardar kamar nawa, don haka mu gyara tare. Na rubuta gyaran. Yana nan cikin kwamfuta. Ba zan yi miki ƙarya in ce na aika ba. In ya fita, kujerata a kwamiti za ta tafi, waɗanda suka jingina rubutunsu da nawa za su ji haushi, wasu za su ce Dakta ashe tafinta ma bai iya ba. Kullum in buɗe shi in canza waƙafi in rufe. Na sa wa kaina in aika Juma'ar nan. Na gaya miki ne don in ji kunyar fasawa.

A wurin matan nan na ga wani abu tun zuwan farko, ban ɗauki darasinsa ba. In tukunya ta karkace tana ɗanya, yatsa ɗaya da ɗan ruwa ya isa. In ta sha wuta, sai dai a fasa. Da na gyara maganata a gindin ɗorawa, numfashi ɗaya ne. A otal, da ɗan jin kunya ne na yini guda. Yanzu ko na fasa, 'yan matan da suka tafi ba za su dawo su zauna gaban yumɓu ba. In kin yi kuskure a makaranta, ko ƙarya ta suɓuce miki, ki koma a ranar. Kada ki bari ta kwana ta yi ƙarfi.

Da na dawo daga ƙauyen la'asar ta yi. Na tarar da Mamanki a bayan kicin tana tsinke zogale. Na ja kujera na zauna, abin da ban saba ba. Kin san a Zariya aka haife ki, tana koyarwa a wata firamare a can, tana son aikin, ga 'yan'uwanta kusa. Da na samu aikin Abuja na ce mu taho nan Kuje, ta ce "to".

Na ce, "Lokacin da na ce mu dawo Abuja kika ce to, wane irin to ne?"

Ta ajiye tiren. "Ikon Allah. Dakta, sai yau? Binciken waje ya ƙare an shigo gida?"

"Da gaske nake."

"Irin na wadda aka riga aka kira wa motar kaya ne."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kana ɗaura agogo ka tambaye ni. Mutum ya tambaye ka yana ɗaura agogo, ai ka san amsar da yake da lokacin ji."

Ta ci gaba da tsinkar ganyenta. Can ta ce, "Ni nawa ya wuce. Na saba da Kuje, na yi ƙawaye, har ƙurar titin na daina gani. Ka je ka tambayi 'yarka."

Na ce, "Ta gaya miki wani abu?"

Ta ce, "Ni ba tafinta ba ce. Tafinta ai kai ne."

Ta ƙi ƙara komai, kuma ta yi daidai. Ban sani ba ko kin yi mata maganar, ko ita ma hasashe take yi.

Tun ranar nake tuna yadda na tambaye ki. Na fara nuna miki hotunan makarantar a waya. Na ce ga ɗakin gwaje-gwaje, ga ɗakin karatu, na ce 'yar abokina a can ta gama yanzu tana karatun likita. Na ce na riga na yi magana da shugabar. Bayan duk wannan na ce, "Kina son zuwa?" Uwata, wannan ba tambaya ba ce. Sanarwa ce na sa mata hular tambaya. Babban mutum ma da wuya ya ce a'a a wurin, balle ke.

Bari in gaya miki dalilaina, masu kyau da mara kyau. Kina da kan lissafi, na ga littattafanki, kin fi ni a shekarunki, kuma makarantar tana da malaman da za su ja ki. Ina kuma tunanin zama cikin 'yan mata zai buɗe miki baki. Waɗannan biyun gaskiya ne. Na ukun shi ne ina so in an zauna da abokan aiki ana maganar yara, in kira sunan makarantar a gyaɗa kai. Shi ma gaskiya ne. Ban san wanne ya fi nauyi a cikinsu ba, kuma ba ke ya kamata ki biya wa na ukun ba.

Ga yadda abin yake yanzu. Na je makarantar je-ka-ka-dawo ta nan Kuje, wadda ke bayan kasuwa, na ga shugabar. Akwai gurbi. Kayan gwajinsu bai kai na Kaduna ba, ajin ya fi cika, amma malamin lissafinsu na zauna da shi, ya san aikinsa. Na kuma kira Kaduna na ce mai yiwuwa mu makara, mai yiwuwa ma kada mu zo. Ba su ji daɗi ba, amma sun ji. Duka ƙofofin biyu a buɗe suke da gaske. Ba na nuna miki ɗaya ne ina tura ki ɗayar ba.

In Kaduna kika zaɓa, ki riƙe sallarki a kan lokaci ko da ke kaɗai ce kika tashi. In ba ki da lafiya ki faɗa tun ciwon na ƙarami, kada ki kwanta ki ja bargo ki ce zai wuce, na san halinki. In babbar ɗaliba ta aike ki, ki je, girmamawa ce. In ta ce ki ba ta abincinki ko ki yi mata ƙarya wurin malama, wannan ba girmamawa ba ce. In wani namiji, malami ne ko mai gadi ko ko wane ne, ya kira ki inda babu mutane, ki ce a'a da ƙarfin da na nesa zai ji, ki tafi, ki gaya wa babbar mace a ranar. Kunya ado ce, ban ce ki yar da ita ba. Amma an yi ta ne don ta rufa miki asiri, ba don ta ɗaure miki hannu ba. In kuma nan kika zaɓa, duk wannan yana nan, don Kuje ma duniya ce.

Kalmar a'a tana son a saba da ita, kamar sabon takalmi. Gara ki fara gwada ta a kaina, inda ba abin da zai same ki.

Kada ki aiko Mamanki. Ki juya takardar nan ki rubuta a bayanta ki tura ta ƙarƙashin ƙofata, ko ki zo ki faɗa kina kallon ƙasa, duk ɗaya ne. In kina so ki je, ki rubuta kina so. In ba kya so, ki rubuta ba kya so, ba sai kin kawo dalili ba. In ba ki sani ba tukuna, ki rubuta haka, mu zauna mu yi ta rashin sanin tare har ki sani. Ba wanda zai ɗaga akwatin nan ya sa a mota, ko Lahadi ta zo ta wuce, sai na ji daga gare ki.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi so ki riƙe. In kika ce ba kya so, zan ji zafi. Na riga na gaya wa mutane, na riga na gina abin a raina. Za ki ga fuskata ta canza, wataƙila in yi shiru wurin cin abinci, wataƙila in shige ɗaki. Na san ki, a nan ne za ki zo bakin ƙofa ki ce, "Baba, na fasa, zan je." Kada ki zo. Ki bar ni da fuskata, tawa ce, za ta warware. Ba aikinki ba ne ki gyara ta da shekarun ƙuruciyarki.

Allah Ya yi miki albarka, Ya zaɓa miki abin da ya fi alheri, Ya sa ki gane shi da kanki. In tafiya ce, Ya sauke ki lafiya, Ya tsare hanya gaba da baya, Ya dawo mana da ke cikin ƙoshin lafiya. In zama ne, Ya sa albarka a zaman. Ya ba ki harshen da zai faɗi abin da ke zuciyarki, ni kuma Ya ba ni haƙurin saurare. Ki yafe mini, ki sa ni a addu'a ranar Juma'a.

Babanki.